Yadda za ka daɗe a wasan kwaikwayo ko ba ka zama jarumi ba

Yawancin matasan da ke zuwa wurina a Samaru neman shawara, jarumi suke son zama, wanda za a buga hotonsa a fasta. Ni kuwa aikin da na sani, kuma nake ƙauna, shi ne na mutumin da ke tsaye kusa da jarumin: liman, mai unguwa, kawun amarya, ɗan kamasho, boka, maigadi. Shi jarumi da ƙuruciyarsa ake sayensa. Mai ɗaukar irin waɗannan rol ɗin kuwa, furfura ƙara masa kasuwa take yi, in dai ya iya aikin.

Ka fara daga daɓe, kada ka fara daga kyamara. Mu a Zariya ba mu da uzuri. Drama Village na nan cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ginin ƙasa da aka yi tun tsakiyar shekarun 1970, kuma ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na nuna wasanninsu a can. Je ka kalla, ka gaisa da mutane, ka nemi a bar ka ka zauna wurin rihasal ko da ɗaukar benci za ka riƙa yi. A wurin nan 'yan kallo na dab da kai, kana jin numfashinsu. In ka yi ƙarya a fitowarka, nan take za ka ji sun fara hira. Babu darakta da zai koya maka abin da wannan hirar za ta koya maka. In jami'a ta yi maka nisa, ƙungiyar dirama ta makaranta ko ta unguwa ta isa, har ma tashe a watan azumi.

Sai babban aikin, wanda ba a yin sa a ɗakin rihasal: kallon mutane. Ɗaliban jami'ar nan sun daɗe suna shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo su saurari jama'a kafin su haɗa wasa, kai ma haka za ka yi. Zauna a Kwangila ka dubi ɗan kamasho. Kada ka tsaya ga ihunsa, kowa ya san wannan. Dubi yadda yake naɗe kuɗi tsakanin yatsu, da yadda muryarsa ke sauka in dattijuwa ta matso. Shiga kasuwar Sabon Gari ka ga yadda mai shago ke ƙin ciniki alhali hannunsa na kan kayan yana sake ninke su. Tsaya ƙofar fada ka ga yadda dogari ke tsayuwa, da inda bafade ke ajiye idonsa lokacin da babba ke magana. Daga kowane mutum abu ɗaya ko biyu za ka ɗauka, ka rubuta a ƙaramin littafi: tafiya, tari, yadda yake gyara hula. In ka tara wa mutum ɗaya ɗabi'u goma, ya zama abin dariya, kuma ba don mu wulaƙanta mutane muke kwaikwayonsu ba. Liman ɗin da za ka fito a matsayinsa yana da iyali da bashi da ciwon gwiwa, ko marubuci bai rubuta ba. Kai ne za ka san wannan, sai ya fito a yadda kake zama kan buzu.

Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, tsohon soja ne, shi ya sa tsawarsa da tsayuwarsa ba su taɓa yin kama da aro ba. Marigayi Kasimu Yero kuma, namu na Zazzau da ya rasu a 2017, ya yi Karambana da Hausa, ya yi Uncle Gaga da Turanci a shirin talbijin na Cock Crow at Dawn, kuma ba ka ganin ɗaya a cikin ɗayan. Nemi tsofaffin wasanninsu ka kalla da idon ɗalibi.

Kunnenka ma ya yi aiki. Zazzagancinmu dukiya ne, kada ka yar da shi don ka je Kano, amma ka iya ajiye shi in an ba ka rol ɗin Bakano ko Basakkwace. Wanda ya riƙe karin harshe uku ba ya rasa kira.

Ranar da ka fara zuwa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ka rage komai. A daɓe kana jefa murya ga na layin baya, kana buɗe hannu. Kyamara kuwa tana kusa da fuskarka, ƙifta ido ma magana ce. Yi maganarka kamar da mutum ɗaya kake yi, ka tambayi mai ɗauka iyakar inda hoton ya tsaya don ka san ko hannunka na ciki. Ka kuma koyi sauraro. Ƙaramin rol rabinsa shiru ne, jarumi na magana kai kana ji, kuma sau da yawa fuskar mai ji ce edita ke zaɓa.

Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Za a iya ɗaukar jana'izarka da safe, ɗaurin auren 'yarka da yamma. Karanta labarin duka, ba shafinka kaɗai ba. A shirin talbijin mai dogon zango, irin waɗanda suka yawaita tun da Arewa24 ta fara a 2014, wannan ya fi tsanani, don za ka koma wa mutum ɗaya bayan watanni. Akwai mai kula da kwantiniti, wato daidaita shiga da kamanni daga fitowa zuwa fitowa, amma ka riƙe naka: wace hula, carbi a wane hannu, wace ƙafa ke ɗingishi. Ɗauki hoton kanka a waya bayan kowace fitowa.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne rol ɗaya ya haɗiye ka. Ka yi boka ya yi kyau, sai kowane furodusa ya kira ka boka. Karɓi aikin, abinci ne, amma kowane boka ka ba shi tasa tafiyar da tasa muryar, kuma ka riƙa komawa daɓe inda za a bar ka ka gwada alƙali ko malamin makaranta.

Maganar kuɗi a yi ta kafin a kunna kyamara: nawa ne sallama, wa zai biya mota zuwa Kano ko Kaduna, ina za a kwana. Yi rajista da ƙungiyar 'yan fim, in kuma a Kano za ka yi aiki, ka bi ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Kada ka saki ɗinkinka ko koyarwarka, don aiki na zuwa yana yankewa. Ke kuma ƙanwata, rol ɗin uwa, uwar miji da kishiya ba ƙasƙanci ba ne, su ne suka fi daɗewa. Ki je lokeshan da sanin iyayenki ko mijinki, kuma duk wanda ya ce ki zo gwaji ke kaɗai a masaukinsa, kada ki je.