Kurakuran da ake tafkawa wajen buɗe wa ma'aikaci manhajar da ke neman izinin admin

Kusan kowane ofishi yana da irinta: tsohuwar manhaja, ta lissafin kuɗi ko ta na'urar ɗaukar hoton yatsa, wadda ba ta tashi sai da izinin admin, alhali mai aiki da ita ƙaramin asusu gare shi. Tun da Windows Vista ta zo da UAC, wato tsarin da ke neman izini kafin manhaja ta yi aiki da ikon admin, ake wannan fama, kuma har yau yaran da ke koyon gyara rami ɗaya suke faɗawa.

Mafi muni shi ne runas /savecred, umarnin da ke buɗe manhaja da asusun wani ya kuma adana kalmar sirrinsa. Yaro ya gani a intanet, ya haɗa gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta, ya shigar da kalmar sirrin admin sau ɗaya, manhaja ta buɗe, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai san Windows ta adana kalmar a Credential Manager ba, kuma ba ta ɗaure ta da wannan manhaja kaɗai ba. Duk wanda ya zauna a asusun zai iya cire sunan manhajar ya sa cmd.exe, wato tagar rubuta umarni, shi ke nan ya zama admin. A wani ofishi da nake kula da shi haka aka yi. Wani ma'aikaci ya gano, ya girka satacciyar manhaja, ta shigo da cutar da ta kulle fayilolin lissafi. Ni na kwana ina sake girka kwamfutoci, ni kuma na sha faɗan mai gida. Haba jama'a! Don mutum ya sha ruwa sai ka miƙa masa makullan gida duka?

Ni abin da nake yi, sai na fara tambayar me manhajar take nema. Na kunna Process Monitor na Sysinternals, mai nuna duk abin da manhaja ke taɓawa, na buɗe manhajar da ƙaramin asusu, na tace layukan da suka ce ACCESS DENIED. Sau da yawa folda ɗaya ce a Program Files take son rubutu a ciki, ko wani reshe na HKLM, ɓangaren saitunan kwamfutar gaba ɗaya, a rajistar Windows. Na ba da izinin rubutu a nan kawai, magana ta ƙare. Wata ma ba ta bukatar komai, ihu ne kawai, RunAsInvoker, saitin da ke sa ta tashi da ikon wanda ya buɗe ta, ya isa ya rufe mata baki.

Idan dole sai ta tashi da cikakken iko, kada ma'aikaci ya iya rubutu a foldar da take, don zai iya musanya ta da wani fayil mai suna iri ɗaya. Ka kuma duba tagar buɗe fayil da ke cikinta, ta nan ma ana kaiwa ga cmd.

Kashe UAC ba gyara ba ne. Sa kowa a rukunin Administrators ma haka. Kalmar sirrin admin ɗaya a duk kwamfutocin ofis, ka daina, LAPS na Microsoft, mai ba kowace kwamfuta tata kalmar sirrin admin, na nan kyauta.

Masu Linux kuma, kada ku rubuta NOPASSWD: ALL, wato komai ba tare da kalmar sirri ba, a sudoers, fayil ɗin da ke faɗin wanda zai yi aiki da ikon admin; kada ku ba da editan rubutu vi ta sudo, domin rubuta :!sh a cikinsa yana miƙa wa mutum root, wato cikakken iko, kai tsaye. Ku ba shi sudoedit maimakon vi, kuma duk gyaran sudoers ku yi shi da visudo.