Kayan Zuba Harsashi da Sake Cika Kwanso: Me Ya Kamata a Fara Saya?

Kwanso shi ne ɓawon da ke riƙe albarushi da harsashi, wanda ake sake cikawa bayan an harba. Kafin a kashe ko sisi, a tabbatar dokar ƙasar da ake zaune ta yarda, domin ƙasashe da yawa sun hana mallakar albarushi da harsashi sai da lasisi. Idan wannan ya kammala, to mafi yawan kuɗin ya tafi ga kayan awo, ba ga kayan sauri ba.

Sikeli ne gaba da komai. Ana auna albarushi da giren, kuma giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, saboda haka sikelin da bai iya nuna 0.1 na giren ba shi da amfani a nan. Na lantarki yana da sauƙin karantawa, amma iska da zafin ɗaki suna sa shi kaucewa, don haka a haɗa da duwatsun gwaji, wato ƙarafa masu sanannen nauyi da ake tantance sikeli da su. A ƙara da ma'aunin kauri mai nuna 0.001 na inci, da littafin awo na masu yin albarushin. Adadin da babu shi a littafin, kada a gwada shi.

Injin matsawa kuwa, wato wanda ke gyara kwanso ya kuma dasa harsashi a cikinsa, sabon shiga ya ɗauki mai yin aiki ɗaya a kowane ja, irin Rock Chucker na RCBS ko na Lee. Masu juyawa irin na Dillon suna da sauri, sai dai ido ba ya iya bin kowane kwanso. A nan ake zuba albarushi sau biyu bindiga ta fashe, ko a tsallake shi harsashi ya maƙale a bututu. Ƙarafan gyaran kwanso, waɗanda ake ɗaurawa a injin matsawa, ana sayensu daidai da girman harsashin. Kwanso mai siririn wuya irin na kwalba dole a shafa masa mai kafin a matsa, in ba haka ba ya kafe a ciki.

Wajen zubi, wato narka dalma a zuba ta a mazubi ta zama harsashi, ne aikin ya fi son natsuwa. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salshiyas, amma ana zubawa a wajen 370, shi ya sa ma'aunin zafi ya zama dole. Tukunya mai famfo a ƙasa ta fi sauri. Ludayi ya fi cika manyan harsasai da kyau. Mazubin alminiyam yana da araha, yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma saurin hucewa. Na ƙarfe yana riƙe zafi, amma yana tsatsa idan aka bar shi ba mai. Harsashi ya fito da tamoji, mazubi bai yi zafi ba ko akwai maiƙo a ciki. Ya fito fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, zafin ya yi yawa. Kuza kaɗan tana taimaka wa dalma ta cika lungunan mazubi, antimoni kuma, wani nau'in ƙarfe da ake haɗawa da dalma, yana ƙara tauri. Tutiya ce abar gudu, domin tana sa narkakkiyar dalma ta yi gudaji ta ƙi cika mazubi.

Bayan zubi a bi da harsashin ta ma'aunin daidaita kauri, ya ɗara faɗin bututun bindigar da kusan 0.001 na inci. Idan ya gaza, iskar albarushi tana bi ta gefensa ta bar dalma a bututu.

A tanadi gilashin kare fuska, safar hannu ta fata da rufaffen takalmi. Ɗigon ruwa ɗaya da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana watso ta waje. A yi zubi a inda iska ke ratsawa, nesa da albarushi, ba ci ba sha, kuma yara da masu juna biyu kada su kusanci wurin, domin dalma guba ce mai taruwa a jiki.