Yadda ake rabuwa da abokan tafiya a tsibiran teku

Duk wanda ya yi watanni yana yawo da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska tsakanin tsibirai, ko a Karibiyan ko a kudancin Fasifik, ya san saurin shigar sabo. Ka sauke anka kusa da wani jirgi, da yamma su zo a ɗan kwalekwalensu su miƙo maka kifi, kafin mako biyu kun zama 'yan gida ɗaya. A wannan rayuwa da sunan jirgi ake sanin mutum, ba da sunan mahaifinsa ba. Amma kowane jirgi da inda ya nufa, kuma iska da lokaci ne ke tsayar da ranar tashi, ba kunyar aboki ba.

Mataki na farko, ku buɗe maganar tun da sauran lokaci. A Tekun Atlantika lokacin guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin Fasifik kuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Shi ya sa watan Mayu yake watan bankwana a Karibiyan: wasu su gangara kudu zuwa Girenada ko Tirinidad, wasu su haura Amurka, wasu su tsallaka Turai ta tsibiran Azores. Kudun ma ba tudun mun tsira ba ne, don guguwar Ivan ta ragargaza Girenada a 2004, guguwar Beryl kuma ta afka wa Kariyaku, wani tsibiri na ƙasar, ran 1 ga Yulin 2024. A Fasifik, masu barin Tonga ko Fiji sukan nufi Niw Zilan, tafiyar da ta haura mil 1,000 na teku, wasu su yi yamma zuwa Ostireliya. Ka faɗi naka shirin a fili, kada abokinka ya gina nasa a kan zaton kuna tare.

Na biyu, kuma a nan na fi jin tsoro, kowane kyaftin ya duba hasashen yanayi da idonsa. Sau da yawa mutum yakan tashi a ranar da ba tasa ba don kawai kada a tafi a bar shi. Jirgin abokinka ya fi naka tsawo, ko yana da mutum huɗu masu karɓa-karɓar gadi da dare, kai kuwa daga kai sai matarka. Iskar da za ta yi masa daɗi kai za ta gasa maka aya a hannu. Ga lissafi mai sauƙi: in yana cin mil 6 a awa kana cin 5, cikin kwana ɗaya ya ba ka ratar mil 24, kuma a nan oba-obar jirgi take fara gazawa. Ko kun tashi tare, kafin wayewar gari na biyu kowa shi kaɗai ne a teku. In zuciyarka ba ta kwanta da ranar ba, ka ce masa ya yi gaba, Allah ya kiyaye hanya. Abokin kirki ba zai riƙe ka a rai ba.

Na uku, a mayar da kayan aro: sufana, jarka, littafin taswira, kuɗin man da aka ranta.

Na huɗu, ku rubuta wa juna bayanin tafiya a takarda. Sunan jirgi, lambar rediyonsa, yawan mutanen ciki, tashar da aka nufa, ranar da ake sa ran isa, da ranar da in ta wuce shiru za a sanar da masu ceto. Ku bar tazara mai kyau tsakanin ranakun nan biyu, domin shirun jirgi galibi batir ne ya mutu ko na'ura ta sha ruwan gishiri. Ku kuma tsayar da lokacin gaisuwa da tashar rediyon da za ku haɗu a kai. Tasha ta 16 ta kira ce da neman agaji, ba ta hira ba.

Na biyar, takardu. Kowane kyaftin ya je kwastan da ofishin shige da fice da kansa ya karɓi takardar fita, don ƙasar gaba za ta nema, kuma da isa sai a ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa har jami'ai su sallame ka. In wani ma'aikaci zai sauya jirgi, a cire sunansa daga jerin wannan a sa a na wancan a gaban jami'an, in ba haka ba alhakinsa yana wuyan kyaftin na farko.

Sai bankwanar kanta. A ci abincin dare tare a bakin ruwa, amma a watse da wuri, mai tashi yana bukatar barci. Inda akwai duwatsun murjani kada a yi sammako, a jira rana ta ɗaga, ta kasance a bayanka, yadda za ka bambanta shuɗin ruwa mai zurfi da ruwan ƙasa-ƙasa na kan dutse. Wajen jan anka a bi a hankali, don jiragen da suka kwana kusa sarƙoƙinsu kan hau juna, ka ja taka ka tumɓuke tasa. In ta fito lafiya, ka zaga jirginsu sau ɗaya a tsanake, a ɗaga hannu, mai ƙahon katantanwar teku ya busa.

Ku da kuka rage, wani ya shiga kwalekwale ya bi su zuwa bakin mashiga da waya a hannu. Ba mai iya ɗaukar hoton jirginsa yana tafe da iska alhali yana ciki, don haka ku ɗauka musu, ku tura kafin su fita daga inda sabis ke kaiwa.