Yadda Za Ka Gwada Tasirin Jijjiga A Kan Jairoskop Da Wilin Keke

Ba sai kana da kayan lab ba, wilin gaba na keke ya isa, domin duk abin da ke juyawa da gudu a kan ƙarfen tsakiyarsa jairoskop ne. Ka samo wilin da boris ɗinsa ke da giris sosai, igiya mai ƙwari kamar mita ɗaya, ɗan guntun fayif da za ka ɗaure a ƙarfen tsakiya ya ƙara tsawo zuwa kamar santimita 10, salatif fari da wayarka. Ka tabbata fayif ɗin ya ɗauru da noti gam, kuma dan Allah a kori yara daga wurin, yatsa a cikin wilin da ke gudu ba wasa ba ne.

Manna salatif a wuri ɗaya a jikin rim don ka riƙa ƙirga juyi. Ɗaura igiyar a bakin fayif, riƙe wilin a tsaye, wani ya wulwula maka shi da ƙarfi, sai ka saki ya rage igiyar kawai a hannunka. Ba zai faɗi ba, zai riƙa zagaye igiyar a hankali yana tsaye, wajen daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka kowane zagaye, ya danganta da gudunsa. In gudun ya ragu zagayen sai ya ƙara sauri. Ka kuma lura da wata ƴar gyaɗa kai da ƙarfen tsakiya yake yi sama da ƙasa lokacin da ka saki, to ita ce abin da muke so, tana da nata saurin, a irin wannan haɗin ta fi juyin wilin sauri amma ba ta kai ninki biyu ba.

Yanzu sai jijjiga. Fara ɗaga hannu sama da ƙasa a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa biyu. Za ka ga zagayen yana ɗan sauri yana ɗan lafawa, saboda lokacin da ka ja sama kamar nauyin wilin ya ƙaru ne, in ka sake kuma ya ragu, amma in ka haɗa duka lokacin zagaye ɗaya kusan bai canza ba. Daga nan ka riƙa ƙara sauri kaɗan kaɗan, kar ka ƙara faɗin motsin, santimita ɗaya ko biyu ya isa. Akwai inda za ka kai wilin ya fara gyaɗa kai da ƙarfi har ka ji igiyar tana fizgar hannunka alhali kai ba ka ƙara ƙarfi ba, wato saurin hannunka ya yi daidai da saurin gyaɗa kansa, kamar dai yadda ake tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dawo. Nan ne wurin da ya kamata ka tsaya ka kalla da kyau, ni a ganina shi ne gwajin gaba ɗaya. In ka wuce wannan saurin sai ya sake natsuwa, jijjigar ta fi ƙarfinsa ya bi ta.

In hannunka bai kai saurin ba ka jira wilin ya rage gudu zuwa kamar juyi biyu a daƙiƙa, gyaɗa kan zai sauko wajen sau uku a daƙiƙa. Wani ya ɗauka maka bidiyo a silo moshan ku ƙirga salatif ɗin da motsin hannu.

Akwai jijjigar da wilin ke kawo wa kansa. Ɗaura noti ɗaya a gefen rim ka sake wulwulawa, za ka ji karkarwa sau ɗaya a kowane juyi, shi ya sa ake daidaita nauyin jairoskop na jirgi kamar ran mutum ya dogara da shi, don kuwa ya dogara.

Injiniyoyi sun sha fama da wannan. Kamfas mai jairoskop da Bajamushe Hermann Anschütz-Kaempfe ya ƙera wa jiragen ruwa ya riƙa kauce wa arewa idan igiyar ruwa tana rausayar da jirgi a kai a kai, sai da ya koma sa wili uku a ciki a 1912. Jairoskop na cikin waya da jirgi mara matuƙi kuwa ba ya juyawa, ɗan ƙanƙanin abu ne ke karkarwa sau dubbai a daƙiƙa, amma ciwon ɗaya ne, a 2015 masu bincike a jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu sun kayar da irin waɗannan jiragen da ƙarar lasifika kawai bayan sun daidaita ta da saurin karkarwar. In kana haɗa naka jirgin ka ɗora allon sarrafawa a kan roba mai laushi, farfelar da ta lanƙwashe kuma ka canza ta kafin ka tashe shi.