Limoniya a lokacin hunturu: kurakuran da ke sa a makara

Da hunturu ya kama, tari da mura kan cika gidaje, kuma galibi suna wucewa da kansu. Waɗanda ake jiye wa su ne jarirai, tsofaffi, da masu asma ko ciwon suga, don a jikinsu ne ciwon kan gangara huhu ya zama limoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000.

Babban kuskure shi ne a tsaya sauraron tari a manta da numfashi. Uwa, ki ɗage rigar yaro lokacin da ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ɗan ƙasa da wata biyu idan ya kai 60, mai wata biyu zuwa goma sha ɗaya idan ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar idan ya kai 40, to numfashin ya yi sauri. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa. In yana loɓawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya kasa kama nono, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Maganin tarin da ake sayowa a kemis ba ya kashe ƙwayar cutar, lokaci kawai yake cinyewa. In an rubuta Amoxicillin, maganin kashe ƙwayar cutar, a shanye shi duka ko da yaro ya warware.

Wani kuskuren da tausayi ke jawowa: a shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego ko na tsohuwa, a rufe ƙofa da taga ruf. Hayaƙin yana raunana huhu, gawayi kuma yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, tana kisa cikin barci. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Tsoho kuwa limoniya kan kama shi ba zazzaɓi. Sai a ga ya rikice, ya ƙi abinci, a ce ai tsufa ne. A kai shi a duba ƙirjinsa.

Ranar suna, mai tari ya yi barka daga nesa, kada kunya ta sa a miƙa masa jariri. A kuma cika wa jariri rigakafin PCV (na limoniya) da Penta (mai kariya daga cututtuka biyar) na mako 6, 10 da 14 da haihuwa, da na ƙyanda a wata tara. Kyauta ake yi a asibitin gwamnati, amma iyaye da yawa kan tsaya a allurar farko.