Yadda Ake Gano Asalin Kakanni na Poland da Jamus ta Gwajin DNA

Da farko, kafin ka sayi kayan gwaji, zauna da dattawan gida ka tambaye su sunan ƙauyen da kakanni suka fito, da addininsu, da harshen da suke yi a cikin gida. Sunan ƙauyen ya fi komai daraja, domin ba shi da madadi idan aka zo neman takardu.

Na biyu, zaɓi wanda za a gwada. Fara da mafi tsufa a dangi, don DNA ɗin kakanni yana raguwa da rabi a kowane tsatso. Gwajin da ya fi amfani shi ne wanda ke duba ɓangaren uwa da uba gaba ɗaya, irin na kamfanin AncestryDNA, inda ake tofa yawu a ƴar kwalba, ko na MyHeritage, inda ake goga auduga a cikin kunci. Yana kaiwa kusan tsatso biyar zuwa shida. FamilyTreeDNA kuma na yin gwajin Y-DNA, na maza kaɗai, mai bin layin uba.

Idan sakamako ya fito, kada kason asalin ƙabila da aka rubuta maka ya ɗauke maka hankali. A ganina nan mutane suka fi ɓata. Daga 1772 zuwa 1795 Prusiya (tsohuwar masarautar Jamusawa) da Rasha da Ostiriya sun raba Poland a tsakaninsu, ƙasar ba ta dawo kan taswira ba sai 1918. A yankuna irin su Silesiya da Pomeraniya, Jamusawa da ƴan Poland sun zauna tare ƙarni da ƙarni, suna auratayya. Saboda haka kamfani ɗaya zai ce maka Bajamushe ne kakanka, wani ya ce ɗan Gabashin Turai, alhali mutum ɗaya ne.

Abin dubawa shi ne jerin ƴan uwan da gwajin ya haɗa ka da su. Ana auna kusanci da ma'aunin cM, wato yawan DNA ɗin da mutum biyu suka haɗa: ɗa da mahaifi sukan haɗa kusan 3,400, ƴaƴan wa da ƙani kuwa wajen 850. Fara da masu adadi mai yawa, duba bishiyar nasabarsu, ka lura da garin da yake maimaituwa. Sauke bayanan gwajinka ka ɗora a shafin intanet na GEDmatch don samun waɗanda suka yi gwaji a wasu kamfanoni, amma karanta sharuɗɗan sirri tukuna, don bayanan sun shafi danginka duka. Rubuta musu saƙo gajere cikin ladabi.

Daga nan sai takardu. Bayan 1945 iyakar Poland da Jamus ta matsa yamma zuwa kogunan Oder da Neisse, garuruwa suka canza suna daga na Jamusanci zuwa na Poland: Breslau ta zama Wrocław, Danzig ta zama Gdańsk, Stettin ta zama Szczecin. Nemi garin da sunayensa biyu. Meyers Gazetteer, kundin sunayen garuruwan Jamus ta dā, zai taimaka da na Jamusanci. Prusiya ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a 1874, kafin nan sai littattafan coci. Na Furotesta da yawa suna shafin intanet na Archion, na Katolika da yawa suna shafin Matricula, shafin Geneteka kuma na da fihirisar na Poland kyauta. Idan kakanka ya yi hijira ta teku, duba jerin fasinjojin tashar jiragen ruwa ta Hamburg a Jamus na 1850 zuwa 1934, domin yakan nuna garin da mutum ya baro. Gwada sunan iyali da rubutu daban-daban, ka tuna Kowalski na namiji ne, matarsa ko ƴarsa Kowalska za ka tarar.