Yadda za ka gwada Linux ba tare da ka goge Windows ba

Ni dai tsohuwar laftof ɗina ce ta kai ni ga Linux, abu kaɗan sai ta tsaya tana nishi. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tun 1991 Linus Torvalds ya fara shi, kyauta ne kuma kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara, Android ɗin wayarka ma a kansa aka gina.

To ka samu filashi mai 8GB, amma fa ka kwashe kayan ciki tukuna don komai zai goge, ni hotunana a haka suka tafi wallahi. Sai ka sauke Linux Mint, wato wani nau'in Linux, daga shafinsu, ka sauke ƙaramar manhajar Rufus ka sa ta rubuta shi a filashin, ka kashe kwamfutar ka kunna kana danna F12, wasu Esc ne ko F9, ka zaɓi filashin. Zai tashi bai taɓa Windows ɗinka ba.

Kafin ka girka shi gaba ɗaya, gwada wayifai da sauti da firinta, nan aka fi cin karo da matsala. LibreOffice, manhajar rubuta takardu irin Microsoft Office, na ciki, in za ka tura wa mai Word takarda ka ajiye ta a docx kar tsarinta ya watse masa.